Ƙugiyar Maƙera da Katangar Alhaji

Unguwarmu Arkilla ba ta da dutsen da namiji zai hau ya bugi ƙirji. Marmara ce da mu mai rugujewa a hannu, sai farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Amma waya ba ta barin mutum ya zauna lafiya. A cikinta na ga El Capitan na Amurka, dutse miƙe sak kusan mita 900, wanda Warren Harding da abokansa suka haye ta goshinsa a 1958. Masu hawansa, in suka iso inda babu tsagar kafa ƙusa, sai su maƙala 'yar ƙugiyar ƙarfe a ɗan tudun da bai kai faɗin farce ba, su rataya tsanin igiya, su taka. Mai faɗin baki ta gefen dutse ce, mai tsini ta ɗan rami. Na ce dutsen Kwatarkwashi ya shiga uku.

Da na ji cewa Yvon Chouinard, gwanin ƙera irin waɗannan kaya, shi ma da guduma da uwar maƙera ya fara a 1957, sai na nufi Maƙera Assada. Na tarar da wani dattijo, jikansa na ja masa zugazugi.

"Baba, ƙugiya nika so."

"Ta guga ko ta mahauta?"

"Ta hawan dutsi."

Ya ajiye guduma. "Mi ka aje can bisa, ɗana?"

Na miƙa masa hoton. Ya dubi siririyar ƙugiyar, ya dubi tumbina, ya ce wannan ta waɗanda ba su cin tuwo ce. Ya zaro rodi mai kauri ya lanƙwasa mini mai baki uku, wai in ɗaya ya saki biyu na nan.

Ƙa'idar masu hawan dutse ita ce a gwada ƙugiya kusa da ƙasa, a sakar mata nauyi sannu-sannu, kuma kada a ja ta baya, don nauyin da ya yi ƙasa kaɗai take riƙewa. Abin gwajin da na samu shi ne katangar da ta raba gidana da na maƙwabcina Alhaji. Bayan la'asar na ɗaura wa ƙugiyar tsanin igiya na cilla, ta kama. Na taka matakin farko, shiru. Na biyu, yashi ya fara zubo mini a hula, ashe bulon gaisawa kawai ya yi da siminti. Na uku, kaina ya leƙa bisa katanga, muka yi ido huɗu da uwargidan Alhaji tana tsakiyar daka.

"Ɓarawo!"

Na ja baya don in yi sallama cikin mutunci. Ƙugiya ta cika alkawari, ba ta saki bulon ba: tare muka sauko, ni da ita da layin sama, cikin randar maiɗakina. Kafin in tsane, samarin unguwa sun cika zaure da gorori.

A gaban mai unguwa na kunna bidiyon masu hawan El Capitan don kare kaina. Dattawa suka yi ta miƙa wa juna wayar, har wani ya ce, "To shi wanga Bature, matan wa yaka leƙe?" Hukunci ya fito: in mayar da layin da na rushe, in ƙara biyu a kai, tunda an tabbatar katangar ta yi gajarta. Randa kuwa shari'arta daban, a cikin gida aka yi ta, ba ɗaukaka ƙara.

Na koma wurin dattijon da ɗingishi na zayyana masa komai. Bai tambayi ƙuguna ba. Ya karɓi ƙugiyar, ya jujjuya ta a haske, ya ce, "Ta lanƙwashe?"

Na ce a'a.

"To ni na hita. Tahi ka nemi mai bulo."