Hawa da Kuɗi, Sauka da Gwiwa

Akwai wani Alhaji a majalisarmu da ya je Dubai, ya shiga katafaren kantin nan da aka gina wa ɗakin ƙanƙara a ciki, ya ɗauko hoto sanye da rigar sanyi ta haya. Tun daga ranar ba mu ƙara yin sakat ba. Ko tsadar masara ake tattaunawa, sai ya san yadda ya lanƙwasa zancen ya kai shi kan ƙanƙara. Ni dai Allah Ya sani ba ni da hassada. Abin da kawai na ƙudurta shi ne, duk ranar da hali ya yi, sai na tsaya a kan ƙanƙara ta gaske, wadda ta sauko daga sama ba wadda inji ya daskarar ba, kuma cikin babbar riga da hula, yadda in hoton ya iso majalisa ba sai na ce uffan ba.

Hali ya yi da wani ɗan aiki ya kai ni Salzburg a ƙasar Ostiriya, inda ɗan ƙanwata yake karatu. Da na faɗa masa buƙatata sai ya ce, "Kawu, ai sai Zell am See. Ko a tsakiyar zafi akwai ƙanƙara a saman dutsen da ke kusa da garin." Muka hau jirgin ƙasa, tafiyar ba ta kai awa biyu ba.

Garin ɗan ƙarami ne, ya kwanta a bakin tafki, tsaunukan Alps sun yi masa zobe. Tsawon tafkin kusan kilomita 4, zurfinsa ya kai mita 68, ruwan garai-garai har kana hango duwatsun ƙasa daga gaɓa. Ga jiragen ruwa masu zagayawa da baƙi, ga kwalekwalen feda na haya, ga tsohuwar majami'a a tsakiyar gari, da daddare kuma ana wasan ruwa da fitilu a bakin tafkin. Iyalan gidan Porsche masu motoci ma suna da gandu a gefen garin. Duk wannan na gani, na yaba. Abin da ya sosa mini rai daban ne. Na shigo da shirin zama abin kallo, na zuba shadda ruwan toka wadda ta sha bugu, na kafa zanna bukar, sai na tarar da gari cike da Larabawan Saudiyya da Kuwait da Daular Larabawa, waɗanda ke gudun zafin gida su zo nan hutu kowace shekara. Gidajen abincin halal a jere, allunan shaguna da rubutun Larabci. Da yayyafi ya sauko, Turawa suka nemi wurin fakewa, Larabawa kuma suka fito suna ɗaukar hoto cikin ruwan. Mutanen garin sun ga jallabiya iri-iri har sun ƙoshi. Ba wanda ya dubi babbar rigata sau biyu, sai wani yaro, shi ma askirim ɗinsa ne ya ɗiga a kanta.

A otel, yaron nawa ya tsaya waje yana waya, ni na ƙarasa wurin mai karɓar baƙi. Ta miƙo mini makulli da wani ɗan kati, ta shiga dogon bayani da Turanci mai nauyin harshen Jamus. Ka san halina, ɗan'uwa, ba na yarda a gane ban gane ba. Na riƙa gyaɗa kai ina murmushin masu ilimi, a raina ina cewa talla ce, so take ta sayar mini da wani abu. Na cusa katin a aljihun kaftani na yi gaba.

Washegari muka nufi Kaprun, ƙauyen da ke maƙwabtaka da garin, inda ake hawa dutsen Kitzsteinhorn. Tsayinsa mita 3,203, motocin igiya kuma suna kai mutum har wani dandalin kallo a mita 3,029, ana sauka daga wannan a shiga waccan. Yaron ya riga ya saya mana tikiti ta intanet, ya kuma taho mini da rigar sanyinsa. Na ce ya riƙe kayarsa. Mutumin da ya yi sanyin Jos a watan Disamba, ya yi wanka da ruwan randa cikin hunturu, shi za a ba aron riga? Ya ce, "Kawu, duk mita dubu da aka hau ana rasa kusan digiri 6." Na ce masa lokacin da nake karanta labarin ƙasa, uwarsa ma ba ta shiga makaranta ba.

Muna fita dandalin, iska ta yi mini sallama ta hannun riga. Wanda ya ƙirƙiro babbar riga ya yi ta ne don iska ta shiga ta fita, to kuwa ta shiga, fitar ce ban gani ba. Rigar ta kumbura ta tashi sama ta rufe mini fuska, na kai hannu in danne ta, zanna bukar ta ga dama ta samu, ta tashi ta nufi gandun Hohe Tauern, inda na tabbata har yau tana can tana hutawa. Numfashina ya koma rabi-rabi, hasken ƙanƙara ya kashe mini ido, hancina ya fara zuba ba tare da ya nemi izini ba. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa da waya. A hoton da ya fi kyau, hannuna ɗaya yana kan sanƙo, ɗayan ya ƙanƙame ƙarfe, a bayana kuma wata yarinya Balarabiya ƴar shekara biyar ko shida tana lasar ƙanƙara hankali kwance. Na karɓi rigar sanyin. Ban ce na gode ba, domin haƙorana suna wani aikin.

Da yamma yaron ya koma Salzburg saboda yana da darasi, ya ce zai dawo jibi. Ya bar mini wasiyya ɗaya: "Kawu, don Allah ka shiga jirgin ruwa ka zagaya tafki, ka huta." Mai hankali da ya yi hakan. Ni kuwa na kwana da haushin hula, na tashi da niyyar rama abin da dutse ya yi mini, ko da a kan ƙaninsa ne.

Ƙanin shi ne Schmittenhöhe, dutsen da ke bayan garin, mai tsayin mita 1,965. Tun 1927 ake hawansa da motar igiya. A wurin sayen tikiti matar ta tambaye ni ko ina da wani kati. Na ce a raina, ga wata ƴar tallar, na girgiza kai da ƙarfi. Na dubi allon farashi, na buga lissafi da Naira, wanda shi ne babban kuskuren da Bahaushe ke yi a Turai. Kowane Yuro sai da na ji shi a ƙirji. Nan take dabara ta zo mini: in sayi na hawa kawai, in sauko da ƙafa. Hawa ai shi ne wahala. Sauka kuwa ko jifa ka yi da dutse ya san hanya. Na taɓa hawa Dala ba tare da na tsaya hutawa ba, a shekarun da nake da gashi. Matar ta leƙo ta dubi ƙafata, ta ga takalmi sau-ciki na fata mai santsin ƙasa, ta sake tambaya ko na tabbata. Na yi mata irin kallon da nake yi wa ɗan acaɓa idan ya ƙara mini kuɗi.

Gaskiya saman ya biya kuɗinsa. Daga nan ana hango ƙololuwa sama da 30 da suka haura mita 3,000, har da Grossglockner, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Ostiriya da mita 3,798. Tafkin yana can ƙasa ya yi shuɗi, masu lemar tashi suna rugawa da gudu su faɗa sarari da gangan, ga ƴar ƙaramar majami'a da aka sa wa sunan sarauniya Elisabeth, wadda ta hau dutsen nan da ƙafa a 1885. Wannan labarin shi ya ƙarasa ni. Matar sarki, mai kuyangi, ta hau da ƙafarta, ni ɗa namiji in kasa sauka? Ban tsaya na yi lissafin da ya kamata ba: garin yana kusan mita 750 ne daga teku, ke nan akwai gangaren mita 1,200 tsakanina da gadona.

Farkon tafiyar har da ƴar waƙa. Na zuba hannu a baya irin na hakimi mai duba gona, ina yi wa masu sanduna biyu-biyu dariya a zuci, mutane da lafiyarsu sun mai da kansu guragu. Can sai yatsun ƙafata suka fara taruwa a bakin takalmi suna shawara. Gwiwar dama ta fara magana, ta hagu ta amsa mata. Tsakuwa ta riƙa gudu a ƙarƙashina, ina taku ɗaya ina zamewa biyu. Wata tsohuwa mai farin gashi, wadda ba ta rasa jika da jikanya, ta wuce ni tana gaisuwa, numfashinta ko gezau. Na tsaya na yi kamar ina ɗaukar hoton ciyawa har ta ɓace. Ruwan gorata ya ƙare, ko in ce na zubar da shi, domin wanda na saya mai gas ne, ina kurɓa ya fito ta hanci. Sai kuma hadari ya haɗu ta bayan dutse, ya sauke abin da ya sauke, ya wuce ya bar ni da kaftani manne a jiki.

A haka na iso makiyaya. Shanun wannan yanki, Pinzgauer, jajaye ne masu farin baya, an rataya wa wasu ƙararrawa a wuya. Akwai allo da zane ƙarara yana cewa a nisanci saniya mai ɗan maraƙi. Na ga allon. Amma kakata ta wajen uba Bafulatana ce, kuma duk da ban taɓa tatsar ko akuya ba, na daɗe ina gaya wa mutane cewa sanin shanu a jinina yake. Na matsa kusa, na yi ƴar ƙyacci da harshe yadda na ga makiyaya suna yi. Saniyar ta ɗago ta dube ni. Ta tako. Ta ƙara takowa, ƙararrawa na kaɗawa, ta miƙo harshe ta kama gefen kaftanina, da alama gishirin gumina ya yi mata. Jinin Fulani ya bar jikina a take. Na fara ja da baya ina karanto duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa. Na lalubi abin dafawa a baya, hannuna jiƙe sharkaf ya sauka a kan wani siririn zare da aka ja tsakanin turaku, wanda tun ɗazu nake mamakin yadda zai tsare saniya. Ashe wuta ce a jikinsa. Ɗan'uwa, na yi shekaru ina ƙorafin rashin wuta a gida, ranar nan aka biya ni bashin gaba ɗaya. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, sau-ciki ɗaya ya yi gabas, ni na yi yamma, na zauna daɓas a kan abin da saniyar ta ajiye tun da safe, na kuma zarce a kansa har sai da wani kututture ya tare ni.

Da na buɗe ido, tsohuwar nan ce tsaye a kaina. Ashe ta je inda za ta, ta ci abincinta, tana hanyar komawa sama. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ta tsinto mini takalmi, ta ciro cakulan ta ba ni, ta miƙo mini sandarta ɗaya, ta juya ta raka ni har wata bukkar sayar da abinci da ke bakin hanyar mota. Tana gaba tana jira, ina baya ina ɗingishi da sandar da na gama zagi. Mai bukkar ya kira mini tasi, direban ya zagaya ya dubi bayana, ya shimfiɗa leda a kujera kafin ya bar ni na zauna. Kuɗin da ya karɓa ya ninka tikitin saukar da na ƙi saya, ban kuma buga shi da Naira ba, saboda ina son in kwana da rai.

Sallar asuba a zaune na yi ta. Matakalar otel kuwa da baya-baya na sauko, kamar mai fitowa daga rumbu, ina riƙe da ƙarfe da hannu biyu. Yaron ya iso ya same ni a haka. Na ce masa tsohon ciwon ƙwallo ne ya tashi, alhali ya san ko gola ban taɓa tsarewa ba. Ya ɗauki kaftanin zai kai wanki, yana toshe hanci, sai ya lalubo katin nan a aljihu, ya jiƙe ya lanƙwashe. Ya juya shi, ya karanta, ya dube ni.

"Kawu, wannan fa katin baƙi ne. Otel-otel da yawa a nan suna ba da shi kyauta a lokacin zafi. Da shi ake hawa motar igiyar Schmittenhöhe, a hau a sauko, ko sisi ba a biya."

Na ce ai na sani, motsa jiki nake so.

"To Kawu, na hawan da ka saya fa?"

Na ce ya je ya tambayo mini ƙarfe nawa jirgin ruwa yake tashi, kuma ya tabbatar akwai kujera mai laushi.