Harbona, Bafaden da Ya Nuna Gungume

Labarin Esta cike yake da manya. Ga sarki mai larduna 127, daga Indiya har Kush, ga sarauniya, ga waziri mai dukiyar da zai yi wa baitulmali alkawarin azurfa talanti 10,000 ko gezau. Ni kuwa na tsallake su duka na zaɓi Harbona. Wane ne kuma Harbona? Yawwa, ai na ga yadda kuka taɓe baki. Ku masu zuwa coci duk Lahadi ma kada ku ɗaga mini hanci, na san da yawanku sai kun lalubo shafin tukuna.

Bawan fada ne, ɗaya daga cikin babanni bakwai masu hidima gaban Sarki Ahasurus a birnin Shushan na ƙasar Farisa, Iran ta yau. Sau biyu kacal aka ambace shi. Na farko ɗan aike ne, shi da abokansa, aka tura su kiran Sarauniya Bashti ta zo ta nuna kyanta gaban mashaya, ta ce ba inda za ta. Na biyu kuwa magana ɗaya ya yi, ita ta aika waziri lahira.

Ga yadda aka yi. Waziri Haman ya tsani Mordekai Bayahude don ya ƙi rusuna masa, ya ga kashe mutum ɗaya ya yi masa kaɗan, ya karɓo hatimin sarki don a shafe Yahudawan daular kaf ran 13 ga watan Adar. Kafin ranar ta zo gajen haƙuri ya kama shi. Matarsa Zeresh da abokansa suka ba shi shawara ya kafa gungume mai tsawon kamu 50, sama da mita 20 ke nan, ya rataye Mordekai da safe. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, shi nasa sama ya miƙa shi don duk gari su gani. Washegari a wajen liyafa Esta, sarauniyar da ta maye gurbin Bashti, ta fasa ƙwai: ita ma Bayahudiya ce, ga kuma mai neman ranta zaune yana cin abincinta. Sarki ya tashi a fusace ya fita lambu. Haman ya zube kan kujerar da Esta ke kishingiɗe yana roƙo, sarki ya dawo ya tarar da shi a haka, ya ɗauka wani abin ne daban. Aka rufe wa waziri fuska. Ɗaki ya yi tsit. Sai Harbona ya sanar da sarki cewa akwai fa gungume a gidan mutumin nan, ya faɗi tsawonsa, ya ƙara da cewa wanda aka kafa dominsa shi ne ya taɓa ceton ran sarki. Sarki ya ce a rataye shi a kai.

To, bismilla, ku faɗi. "Malam, wannan ai bafade ne, ɗan a bi yarima a sha kiɗa. Ina bakinsa yake lokacin da Haman ke tashe? Sai da ya ga giwa ta faɗi ya zaro wuƙarsa." Madalla da wannan basira. Sai dai kun makara, an riga ku da shekaru fiye da 1,500. A cikin Talmud na Babila, littafin koyarwar malaman Yahudawa, Rabbi Elazar ya ce da Harbona aka ƙulla makircin tun farko, da ya ga ta kwaɓe ya sauya sheƙa. Masu bin wannan ra'ayi suna da tambaya mai kaifi: in ba da shi aka yi ba, ina ya san tsawon gungumen da wanda aka kafa dominsa? Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, yana da amsa mai sauƙi, ko da yake wani suna ya ba bawan: da aka aike shi kiran Haman liyafa ya ga abin tsaye a gida, ya tambayi wani bara, bara ya faɗa masa. Wa ya fi ɗan aike sanin sirrin gidan manya?

Ni dai ba zan rantse muku cewa Harbona waliyyi ne ba. Abin da nake so ku duba shi ne irin sarkin da yake yi wa magana. Mutumin da ya tuɓe matarsa Bashti daga sarauta cikin maye, da ya huce ya zauna yana tuna ta. Mutumin da ya cire zobensa ya miƙa aka rubuta hukuncin kisan al'umma guda bai ko tambayi sunanta ba. Mutumin da aka ceci ransa daga makircin masu tsaron ƙofa biyu, Bigtana da Teresh, ya manta sarai, sai daren da barci ya ƙaurace masa aka karanto masa a littafin tarihin fada. Irin wannan sarki in aka bar shi ya kwana da fushinsa, da safe ya nemi fushin ya rasa. Haman kuwa yana da azurfa, yana da 'ya'ya maza goma, yana da masu cin abinci a hannunsa. Ku ba shi dare ɗaya mana ku gani. A ganina abin da Harbona ya hana shi ke nan: daren.

Kuma da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ku da ko a taron unguwa sai kun ga inda mai kuɗi ya karkata kafin ku ɗaga hannu, wa ya tabbatar wa bawan nan cewa sarki ba zai juya ba? Da ya juya, gungumen nan ai bai zaɓi wuya ba.

Kada kuma ku ce na ɗora masa rawanin da ya fi kansa. Mutuwar Haman ba ta soke komai ba, don dokar da aka buga wa hatimin sarki ba ta janyuwa. Sai da Esta ta koma ta faɗi gaban sarki da kuka, aka rubuta wata doka ta ba Yahudawa izinin kare kansu. Wannan aikinta ne da Mordekai.

Wasu malaman Yahudawa ma sun wuce ni nesa. Suka ce ba Harbona ba ne sam, Annabi Iliya ne ya shigo da kamanninsa. Kun ji fa: mutum ɗaya, wani ya ce munafuki, wani ya ce annabi. Ku kuma na can baya da ke gunaguni cewa labarin duka ƙage ne, tunda marubucin tarihi Herodotus ya ce matar Zarksis, wanda ake ɗauka shi ne Ahasurus, sunanta Amestris, ba Bashti ko Esta ba, na ji ku, masana tarihi da yawa suna tare da ku. Amma to me ya sa tun ɗazu kuke ta jin haushin mutumin da kuka ce babu shi?

Duk shekara a idin Furim na Yahudawa, ran 14 ga Adar, 15 a Urushalima, ana karanta littafin Esta a majami'u, da an zo sunan Haman yara su kaure da ƙarar kacau-kacau da buga ƙafa. Bayan an gama akan rera wata tsohuwar waƙa ta albarka da la'ana, sunan da take rufewa da shi kuwa na Harbona ne, ana tunawa da shi da alheri. In har yanzu kuna kan bakanku, ku je can ku gaya musu bafade ne. Za su ce malaminsu ya riga ku faɗa, su miƙo muku abincin idi mai kusurwa uku, su ci gaba da waƙarsu.