Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Kantin Wasanni, Mai Shago a Sararin Sama

Zuwa ga Alhaji Kantin Wasanni na Intanet,



 Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da masu leƙe ba saye? Ɗaya daga cikinsu ne ya rubuto maka daga Kubwa, nan Abuja. Ban kama sunanka ba da gangan, don kai da su Steam da Epic da GOG da PlayStation Store duk gida ɗaya kuka fito, abin da zan faɗa maka kuwa ka karanta musu idan kun haɗu a taron dangi.

Dalilin wannan takarda, labari ya iso mana cewa 'yan wasa a Turai da Amurka na ta ja-in-ja a kanka. Wasu na cewa ka fara kawo manyan kaya, wato wasannin nan da ake narka musu ɗaruruwan miliyoyin daloli, wasu kuma na cewa har yanzu kantarka tarkace ce. Babu wanda ya tambaye mu, amma ka san halinmu, ko ba a gayyace mu ba mukan sa baki.

Zan fara da ba ka haƙƙinka, Alhaji. Kanta ta cika. Ɗan uwanka GOG da aka buɗe a ƙasar Folan a 2008, tsofaffin wasanni kaɗai yake sayarwa a da, irin waɗanda kwamfutar ofishin ƙaramar hukuma ma za ta ɗauka ba tare da ta yi nishi ba. Ga shi ya kawo Horizon Zero Dawn a 2020, ya kawo Skyrim a 2022, ya kawo God of War a 2024. An makara, amma an iso. Shi kuwa autanku Epic, da ya zo a Disambar 2018, da ƙarfinsa ya shigo kasuwa. Ya ce wa masu ƙera wasanni kashi 12 cikin ɗari kawai zai cire a ciniki, alhali babban yayanku Steam, wanda ke kasuwa tun 2003, an san shi da kashi 30. A farkon 2019 ya janye Metro Exodus zuwa shagonsa ana saura 'yan makonni wasan ya fito. A Mayun 2020 kuma ya raba GTA V kyauta, jama'a suka yi masa caa har shagon ya durƙushe na sa'o'i. A cikin waɗanda suka durƙusar da shi akwai mu, kuma ba mu yi nadama ba.

Saboda haka idan tambayar ita ce ko kaya sun ƙaru, to sun ƙaru. Na kuma san ba a banza ake samun su ba. Takardun da suka fita a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212. Wanda ya zuba wannan kuɗi ba zai sayar da kayansa farashin ƙosai ba, wannan ko yaro ya sani.

To amma bari in nuna maka yadda kantar taka take idan an hango ta daga nan.

Tun 2020 kuka fara ɗaga sabon babban wasa daga dala 60 zuwa dala 70. A Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi a Najeriya, naira 70,000. Ka ga saba'in da saba'in, sai ka ce an yi shawara. Sai dai idan aka lissafa dala a naira 1,500, wanda a nan ta yi ta shawagi bayan an saki naira a tsakiyar 2023, wasa ɗaya ya kama naira 105,000. Albashin wata ɗaya da rabi ke nan cif, mutum bai ci ba, bai sha ba, bai hau motar Kubwa zuwa Berger ba, duk don ya harbi aljanu a talabijin. A 2025 Nintendo ya ce saba'in ma ta yi kaɗan, ya sa wa Mario Kart World dala 80.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba tsadar ba ce, rashin ciniki ne. A kasuwar Wuse mai kaya zai yanka maka farashi, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya rantse bai saya haka ba, ka juya za ka tafi, ya kira ka ya sallama. Kowa ya fita da mutuncinsa. Kai kuwa lamba kake rubutawa ka yi shiru. Ba a taya maka, ba ka cewa albarka. Sai ranar da ka ga dama ka rataya jan ƙyalle ka ce an yi rangwamen rabi, mu kuma mu lissafa mu ga rabin ma ya fi ƙarfin aljihu. Na san kun iya saukar da farashi idan kun so, domin akwai ƙasashen da kuke yi wa nasu farashin daban, Steam ma yana karɓar kuɗin Afirka ta Kudu. Naira ce dai ba a san da zamanta ba. Mu dala ake ce mana mu kawo, daidai da mutumin da ake biya albashi da ita.

A ce ma mutum ya tara kuɗin. Ta ina zai miƙa maka? A 2022 bankunanmu suka yi ta rage abin da katin naira zai iya saya a waje, wasu suka mayar da shi dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a Yulin 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsakanin nan mun koyi sana'o'in da ba mu yi niyya ba. Mun san masu sayar da katin kyauta, mun san katin dala na cikin waya, mun san ɗan uwan da ke karatu a Ingila wanda ba a tuna shi sai an ga sabon wasa. Ni kaina na sha danna maɓallin biya, allon ya yi ta juya ɗan zoben nan nasa, can sai ya ce an ƙi. Ba ya faɗin wanda ya ƙi. Banki ya ce kai ne, kai ka ce banki ne.

Sai maganar adireshi. Duk wanda ya taɓa buɗe asusun PlayStation a garin nan ya san idan ya zo wurin zaɓen ƙasa zai gangara har ƙarshen jeri bai ga Najeriya ba. Shi ya sa a littafinka samarin Gwarinpa da Lugbe da yawa mazauna Amurka ne, suna da titi da lambar gida a garuruwan da ko a taswira ba za su iya nunawa ba. An daɗe ana haka kowa ya kau da kai, har Mayun 2024, lokacin da Sony ya ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya haɗa da asusun PlayStation. Nan take aka cire wasan daga sayarwa a ƙasashe sama da 170 inda ba a buɗe wannan asusu. 'Yan wasa suka yi bore, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye sharaɗin, amma an ɗauki lokaci mai tsawo kafin a sake buɗe wa waɗancan ƙasashe ƙofa. Ranar muka gane cewa kanta na iya cika maƙil, a kuma rataya labule a gaban wasu.

Yanzu a ce an biya, an kuma yi ƙaryar adireshi lafiya. Saura ɗaukar kaya. Alhaji, me kuke zubawa a cikin wasannin nan? Red Dead Redemption 2 na neman gigabait 150 a kwamfuta. Baldur's Gate 3 ma haka. Call of Duty na 2019 ya yi ta kumbura har ya haura 200. Mu kuwa data muke saye a awo, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Sai mutum ya jira tsakar dare, ya jingina waya a taga wajen da sabis ya fi kamawa, ya sa sauke kaya, ya kwanta da ido ɗaya. Allo ya ce saura awa tara. An jima ya ce saura kwana biyu. Can wajen asuba fanka ta tsaya, ka san an ɗauke wuta ke nan. A Afrilun 2024 an mayar da masu layin Band A naira 225 kowane ma'aunin wuta bisa alƙawarin awa 20 a rana. Mu da ba mu kan wannan layi, tsakaninmu da janareta ne, shi kuma fetur yake sha. Idan Allah ya sa an gama, ka yi alwala ka yi salla ka zauna ka ɗauki hannun wasa, sai ka tarar da saƙo cewa akwai gyaran da za a sauke, gigabait 30, kuma ba za a buɗe ba sai an sauke.

Duk wannan da sauƙi in da abin da na saya nawa ne. A Disambar 2023 Ubisoft ya cire The Crew daga kasuwa, a ƙarshen Maris 2024 ya kashe na'urorin da wasan ke dogaro da su, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba wasa. Abin ya tayar da ƙura har aka kafa gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa dole kanti ya gaya wa mai saye gaskiya, kuma a Oktoban shekarar Steam ya fara rubutawa a wurin biya cewa izinin amfani kake saye. Wannan kamar mutum ya sayi ragon layya ne, ya biya, ya ɗaure a gida yana ba shi dusa, ana gobe Salla mai rago ya aiko a kwance, ya ce ai kallo aka sayar maka. A nan dole in yaba wa GOG. Shi idan ka saya yana ba ka wasan ka ajiye a rumbunka, ba ya bin ka gida da makulli. Wataƙila shi ya sa manyan kamfanoni ba sa kai masa kaya sai sun tsufa.

Ko ka san wa ke yi maka aikinka a Abuja? Ka zo Wuse 2, wajen su Banex, ka hau bene. Za ka tarar da yaro a shagon da bai fi taku uku ba, faya-faye jere a gilashi, sababbi a sama, na hannu a ƙasa. Ka kawo tsohon faifanka, ya ɗaga shi a hasken fitila yana neman ƙarzuwa, ya goge da gefen riga, ya ce ka cika kaza ka ɗauki wani. Ana taya masa, yana cewa albarka. Yana karɓar naira, yana karɓar tiransifa, idan ya san ka har bashi yana bayarwa. Daga nan ka wuce gidan gem a Nyanya ko Dutsen Alhaji, inda benci biyu ke fuskantar talabijin uku, janareta na kuka a bayan kwantena, wanda aka ci ya tashi ya miƙa hannun wasa ga na gaba. Duk jerin manyan kayan da kake alfahari da su, a can wasa ɗaya ake bugawa, ƙwallo. Kamfanin EA mai ƙera wasan ya rabu da sunan FIFA ya koma FC tun 2023, har ya kwashe tsofaffin FIFA daga kantunanku. Labarin bai iso benci ba, har gobe FIFA ake ce masa.

Kada ka ce ba mu da godiya. A Agustan 2021 aka ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, da birnin Kano, da mahaya masu lifidi, da Sarauniya Amina a gaba. A Fabrairun 2025 Civilization VII ya fito da Amina ta Zazzau cikin shugabannin da mutum zai iya zaɓa. Wallahi mun ji daɗi. Bayan shekarun da in an nuna Afirka a babban wasa sai dai zazzaɓin cizon sauro kamar a Far Cry 2, ko garin da annoba ta haukata mutanensa kamar a Resident Evil 5, ganin dokin Zazzau a allo ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai jikokinta na Zariya da Abuja dala za su nemo kafin su gaishe ta, a shagon da ko maɓalli ɗaya ba a rubuta da harshenta ba.

Buƙatuna ba su da yawa. Ka rubuta farashi da naira, ka kuma auna shi da aljihun masu naira. Ka sa Najeriya a jerin ƙasashe, samarinmu su dawo gida daga Amurka. Ka bar mutum ya sauke iya abin da yake so, domin ban ga dalilin da zai sa in sayi data in sauke muryoyin Jamusanci da Japananci ba. In kuma za ka ƙwace kaya wata rana, ka faɗa da manyan baƙaƙe tun kafin a biya.

A ƙarshe, ina roƙon wata alfarma ka isar mini ga masu GTA VI. Mun ji an ce 2025, aka ɗage zuwa Mayun 2026, aka sake ɗagewa zuwa Nuwamba. Na ga Turawa na ta fushi. Mu a unguwarmu adashe muka kafa dominsa, kuma ni ne ɗaukar ƙarshe. Idan da hali, a ƙara ɗagewa.

Ka gaida su Steam da yara.

Naka mai leƙen kanta,
Daga Kubwa, Abuja.