Girgizar Ƙasa Da Ƴaƴanta: Wasiƙa Daga Istanbul Zuwa Diffa

Taubashina, bawana na har abada, sarkin cin tattasai na bakin Komadugu. Saƙonka ya iso, wai in tattara komatsaina in baro Turkiyya, don ƙasar da ke yin girgiza sau ɗaya ta kuma shafe watanni tana rawa ba wurin zama ba ce. Kai da ko tsawa aka yi sai an zaƙulo ka daga ƙarƙashin gado, ban yi mamaki ba. Amma tambayarka mai kyau ce: me ya sa ƙananan girgiza ke bin babba? Gyara zama, ubangidanka zai karantar da kai.

Babbar girgiza ba ta sauke nauyin da ke cikin ƙasa duka, wani ɓangare kawai take turawa kan maƙwabta. Dubi rufin soro. In azara ɗaya ta karye, ƙasar da take ɗauke da ita tana nan, sai dai ta koma kan azarun da ke gefe, waɗanda dama gara ta ɗan taɓa su. Haka ɓawon duniya yake, manyan falalen dutse ne masu goga juna. Falalen Larabawa na tura Turkiyya daga kudu, kimanin santimita biyu a shekara, bakin tsagar da ke tsakaninsu kuma a cije yake, nauyi na taruwa shekaru ɗaruruwa. Ranar 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, tsagar ta suɓuce kusa da Kahramanmarash da ƙarfin maki 7.8, tsawon fiye da kilomita 300. Inda ya zame ya huta, amma ƙarshen tsagar da wuraren da suka maƙale sun ƙara ɗaukar kaya. Awa tara bayan nan wata tsaga ta kusa ta karye da maki 7.5. Mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, cikinsu har ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Na san za ka ce, to in nauyin ya koma nan take, me ya hana komai ya rushe lokaci guda a huta? Wannan ce tambayar da ta fi wuya, kuma amsarta na bakin kogin garinmu. Ruwan da aka yi a Kano da tsaunukan Jos cikin Agusta, sai ya ratsa fadamun Hadeja da Nguru yana tafiyar hawainiya, sa'an nan ya cika Komadugu a Diffa bayan damina ta ɗauke. In ya janye ma, gaɓar ba ta zubewa rana ɗaya: yau wani gefe ya rufta, jibi wani, gwargwadon yadda kowanne ya jiƙa. A ƙarƙashin ƙasa ma akwai ruwa cikin ƙofofin dutse, girgiza na matse shi, ya riƙa tsiyaya a hankali yana sassauta cizon tsagogi. Dutsen kansa in an ɗora masa ƙarin kaya yakan jima yana ja kafin ya saki, can ƙasa kuma inda zafi ya tausasa shi yana ci gaba da zamewa shiru, yana ƙara wa na sama nauyi. Wanda ya kusa karyewa shi ke fara tafiya, masu sauran ƙarfi su biyo baya. Shi ya sa wani masani ɗan Japan, Fusakichi Omori, da ya ƙirga ƴaƴan girgizar Nobi ta 1891, ya nuna a 1894 cewa yawansu na raguwa bisa tsari: a rana ta goma kusan kashi ɗaya cikin goma na ranar farko, a rana ta ɗari kashi ɗaya cikin ɗari.

Nan ne mutane ke ruɗuwa, har su koma kwana cikin gidan da ya tsage. Yawansu ne ke raguwa, girmansu bai san kalanda ba. Mako biyu bayan girgizar Kahramanmarash, ranar 20 ga Fabrairu, mai maki 6.3 ta sake afka wa Hatay, ta kayar da ginin da ya tsira yana rangaji. A 1999 ma Izmit ta girgiza a Agusta, Duzje da ke gabashinta ta biyo a Nuwamba. Wasu kuma na cewa ai ƙananan alheri ne, suna rage nauyi don kada babba ta dawo. Lissafi bai yarda ba. Ƙarin maki ɗaya ninki kusan 32 ne na ƙarfi, wato sai an haɗa masu maki 5 guda dubu kafin su kai mai maki 7 guda ɗaya. Ko da yake yawanci babbar ɗiya kan gaza uwarta da maki ɗaya da ɗoriya, wani lokaci wadda aka zata uwa ce ashe ƴar aike ce: a Japan mai maki 7.3 ta zo ranar 9 ga Maris 2011, bayan kwana biyu mai maki 9 ta iso.

In ka ce duk ikon Allah ne, ba mu saɓa ba, sanin sababi bai kore ƙaddara, kuma kai ma kana ɗaure akuyarka. In ka ce ina ruwan Diffa, wadda ke zaune kan yashin tafkin Chadi nesa da bakin falale, sai ka tuna yaranmu da ke Aljeriya da Maroko da nan. Ka gaya musu: gini in ya tsage, a kwana a fili har masana su duba shi.

Ka gaida Inna da su Kawu. Kuɗin sharata na bana suna wuyanka, in ba ka da su na karɓi tiya biyu ta busasshen tattasai.

Naka, ubangidanka.