Masu Tauna Taura Biyu a Afaka

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Afaka a Kaduna, dole ake tauna ta. An kafa makarantar a 1964 don yaye hafsoshi, daga 1985 kuma aka ɗora mata ba da digiri. Tun daga lokacin, matashin da ke neman zama hafsan sojan ƙasa shekara biyar yake yi a hannun iyayengiji biyu. Malamin lakca na son ƙwaƙwalwarsa, sajan ɗin fareti na son ƙafafunsa, kuma dukkansu daga barcinsa suke karɓar hakkinsu. Yadda ɗalibi ke biyan wannan bashi shi ke nuna ko wane iri ne shi.

Na farko shi ne Sarkin Gyangyaɗi. Tun kafin asuba an fitar da shi gudu, don haka ya ƙware da barci a zaune, baya a miƙe, biro a hannu. Littafinsa ne ke tona masa asiri: layin farko rubutu ne tsaf, na biyu ya fara karkacewa, na uku ya gangara ƙasan shafi ya ɓace. In malami ya kira sunansa sai ya zabura ya ƙame, ya amsa da ƙarfi, alhali bai ji tambayar ba. Kusa da shi akwai Farfesa, wanda ke biyan nasa bashin da dare, da tocila a ƙarƙashin bargo. Lissafi ba ya ba shi tsoro, amma da an ce a juya hagu sai ya juya dama, ya yi ido huɗu da abokinsa, su tafi tsallen kwaɗo tare. Kishiyarsa shi ne Janar Ba Anini. Shi don kaki ya zo, karatu kuwa a wurinsa aikin farar hula ne. Yakan kwana yana goge takalmi har ya ga fuskarsa a ciki, ya guge wando har karinsa ya kusa yanka yatsa. Ranar jarrabawa ce kawai yake gane cewa takarda ba ta sara wa kowa.

Sai Tsohon Hannu, wanda ya fito daga Makarantar Sakandaren Soja ta Zariya. Ya san gwale-gwale tun yana yaro, ya san lungun da za a saci barcin minti goma, yana kuma kallon sabbin shiga da tausayi irin na dattijo, ko da sun girme shi. Akwai kuma Mai Ciwon Dabara, wanda gwiwarsa ke tashi duk ranar gudun dogon zango, ta kuma warke da kanta da an doshi ɗakin cin abinci. A bataliyoyin makarantar, ko Dalet ko Mogadishu, ko Burma ko Abisiniya, ba a rasa ɗaya daga cikin waɗannan, kuma shigowar mata tun 2011 ba ta soke ko iri ɗaya ba. Abin lura shi ne kowannensu ɓangare ɗaya yake cuta don ya biya ɗayan, makarantar kuwa ba ta karɓar rabin biya. Wanda ya faɗi a aji ko a fili, ana iya mayar da shi baya ya haɗu da ƙannensa, ko a sallame shi gida.

Wani zai ce ai wannan wahalar banza ce: a bar yaro ya gama jami'a cikin kwanciyar hankali, sannan ya zo gajeren kwas, tunda dama akwai wannan hanya ga masu digiri. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, don ba kowane Sarkin Gyangyaɗi ne ke tashi daga lakca da wani abu a kai ba, kuma gajiya na cinye wani kaso na ilimin. Sai dai aikin da ake shirya su dominsa ba ya zuwa daki-daki. Ƙaramin laftanan da aka ba mutum talatin a dajin Sambisa ko na Birnin Gwari, cikin yunwa da rashin barci zai karanta taswira, ya ƙiyasta harsashi da ruwan sha, ya yanke hukuncin da rayuka suka rataya a kansa. Farfesa zai san amsa amma ƙafa ta ƙi kai shi, Janar zai isa da wuri amma wurin da ba nan aka ce ba.

Shi ya sa iri na ƙarshe ya fi kowa daraja, duk da ba a cika ba da labarinsa ba: Shiru-shiru, wanda ke gyara kayansa tun da yamma, ya yi karatun awa ɗaya da gaske, ya kwanta in an ce a kwanta. Irinsa ne ke zuwa faretin yaye ɗalibai da digiri da anini, wani lokaci har da takobin girmamawa. Iyayen da ke turo 'ya'yansu Afaka don sha'awar kaki kawai, su fara tambayar yaron yadda yake raba lokacinsa.