Jinjina Ga Masu Sayar Da Shekara Biyu

Allah Ya ƙara wa kamfanonin magunguna basira! Tun fil azal ciwon suga nau'i na ɗaya yake cin karensa babu babbaka: garkuwar jikin yaro ta rikice, ta far wa ƙwayoyin da ke samar masa da insulin ta gama da su, shi ke nan sai allura har ƙarshen rayuwa. Kwatsam a Nuwamban 2022 hukumar FDA ta Amurka ta amince da teplizumab, wanda ake sayarwa da sunan Tzield, maganin da ke lallashin garkuwar ta sassauta.

Warkarwa? Haba, ai gaggawa aikin Shaiɗan ce. Jinkirtawa yake yi. A gwajin da aka yi da mutum 76, waɗanda aka ɗura wa maganin sun kai wajen shekara huɗu kafin cutar ta bayyana, sauran kuwa wajen shekara biyu. Ribar shekara biyu ke nan, kuma masu binciken sun yi aikinsu tsakani da Allah. Amma gwanayen gaske su ne waɗanda suka zauna a ofis suka yanka farashi a 2022: kwalba ɗaya dala 13,850, kullum ɗaya ta jijiya har kwana 14, jimilla dala 193,900. Lura da yadda suka bar wa mai saye canjin dala 6,100, don kada a ce sun kai dubu ɗari biyu. Wannan ai tausayi ne. Ƙuraje, ciwon kai da raguwar fararen ƙwayoyin jini kuwa gyara ce, ba a ƙara ko sisi a kansu.

Ka kwatanta masu yanka farashin da su Frederick Banting, bayin Allah da ba su san dawar garin ba. Sun gano insulin a Kanada, sannan a 1923 shi da abokan aikinsa Best da Collip suka miƙa wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya-ɗaya, wai don kowa ya samu. Sakarci! Sai da 'yan baya masu kai suka zo suka gyara musu kuskuren, farashi ya yi ta hawa har Amurkawa suka riƙa cika mota zuwa Kanada sayen insulin, wasu kuma suna tsimin allurarsu har ta kai su kabari.

Kamfanin Sanofi na Faransa dai ya cancanci rawani. A Maris ɗin 2023 ya sanar da sayen Provention Bio, mai Tzield, a kan dala biliyan 2.9. A cikin makon sanarwar kuma zuciyarsa ta karye, ya ce zai rage kashi 78 cikin ɗari na farashin insulin ɗinsa Lantus, bayan Eli Lilly da Novo Nordisk sun riga shi. Mahassada za su tambaya me ya hana shi tun da. Ku rabu da su.

Maganin ma yana da aji, ba ya kula kowa. Sai an gwada jininka an ga alamun farmakin tun kana lafiya lau, alhali yawancin yara sai ƙishirwa da yawan fitsari da rama sun kwantar da su ake ganewa. Wanda ya makara kada ya damu. Lantus na nan a kanti, kuma aljihun ɗaya ne.