Yadda ake buɗe takarda a burauza ba tare da jini ya hau ba

Duk wanda ya zo neman wannan shawara ya san inda ake latsawa. Fitinar tana bayan latsawar.

Na ɗaya, mutum ya san asalin abokin gabarsa. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, bisa burin John Warnock na ganin takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Burin ya cika har ya yi yawa. Shafin A4, mai faɗin milimita 210, yana nan da taurin kansa a wayar da ba ta wuce tafin hannu ba. Mai karatu zai ware yatsu biyu, ya ja hagu, ya ja dama, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa.

Na biyu, ya guji koren maɓalli mai ƙyalli da ke cewa a sauke nan. Talla ce. Na gaskiyar yana can ƙasa, ɗan mitsitsi, kamar mai ɓuyan bashi.

Na uku, ya daina sake latsawa. A kwamfuta, Chrome yana nuna PDF da kansa tun 2010, Firefox kuma tun 2013. A wayoyin Android kuwa an shafe shekaru ana sauke fayil ɗin ne a ɓoye, mai waya yana zaton abin bai tafi ba. Ranar da ya leƙa ma'ajiyar wayarsa zai tarar da jerin sunayen waɗanda aka ɗauka aiki har kwafi tara, kowanne da lambarsa a gefe, kowanne ya sha rabonsa na data, kuma babu sunansa a ko ɗaya.

Wato idan ma sunan zai nemu. Masana sun ce a danna Ctrl da F a rubuta suna. Madalla, amma wannan dabara rubutu take nema, yawancin sanarwar ofisoshi kuwa hoto ne. Wani bawan Allah ya buga ta a kwamfuta, ya fitar a takarda, oga ya sa hannu, aka buga hatimi, sannan aka ɗauke ta da kyamarar waya a karkace, har da babban yatsan mai ɗauka da kusurwar tebur. Shafi sittin, na sha bakwai kansa a ƙasa. Burauza tana da maɓallin juya shafi, sai dai wata takan juya dukkan shafukan tare, a gyara ɗaya a kifar da saura. Fisabilillahi, fayil ɗin asali yana cikin kwamfutar! Latsawa biyu ta isa a mayar da shi PDF mai tsabta, maras nauyi. Me talaka ya yi wa mutanen nan?

Na biyar, ko na huɗu ne, oho. Mai karanta tsohon kundin digiri na Hausa ya shirya zuciyarsa. Kafin Unicode ya zama gama-gari, an riƙa ɗora haruffa masu ƙugiya a gurbin wasu alamomin madannai. A allo komai lafiya lau, amma da an kwafi sakin layi zuwa wani wuri sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Ɗalibi ya zauna yana gyara su harafi harafi.

Sai fom. Burauzojin yanzu suna bari a cike guraben PDF kai tsaye, wasu har a zana sa hannu. Ofishin da ya turo fom ɗin dai biro yake so. Don haka a tafi shagon buga takardu, a jira a tada janareto, a biya kuɗin mai a cikin kuɗin shafi, a cike, a ɗauki hoto, a ɗora. Shafin zai ce fayil ya wuce kilobayit 200. A matse shi har rubutun ya daina karantuwa, sannan zai karɓa.